Ciwon da Inna Kaɗai Aka Iya Gaya wa

Allah da Ya ba mu aron Inna Ya karɓi abinSa ranar wata Laraba da hantsi, bayan ta sha kunu ta ce a buɗe mata taga. Daga wurinSa muka fito, can kuma za mu koma. Inna ita ce mahaifiyata. Na rubuta Laraba, amma ƙanwata ta dage cewa Talata ce. Sai da na je na tambayi limamin unguwa, ya ce Laraba ce, sannan hankalina ya kwanta. Ba na so in fara magana a kan mamaci da kuskure.

A ƙofar gidanmu da ke Ƙofar Jatau muka yi zaman makoki. Waɗanda muka sa ran gani duk sun zo: dangi daga ƙauye, matan da suka shekara suna sayen man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a hannunta, da abokan sana'ata masu ɗinkin hannu na manyan riguna. Amma a rana ta biyu bayan azahar sai ga wasu magidanta sun fi goma, wasu a kan babur, wasu a ƙasa. Ba danginmu ba ne. Suka cire takalma, suka zauna, aka yi addu'a aka shafa. Wani ƙato mai tumbi a cikinsu ya sa hula ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya matso kusa da kunnena.

"Malam, waɗannan kuma daga ina? Ko tsohuwa siyasa take yi ba mu sani ba?"

Na ce, "'Yan ƙwallo ne."

"Ƙwallo? Inna?"

Ƙaton nan ya ji. Ya sauke hularsa, ido jajur, ya ce, "Baba, duk nan da ka gan mu mazajenta ne. Ni ne na huɗu. Ta sake ni sau biyu tana mayar da ni."

Sai wurin ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, daga baya kuma na yi ta tunanin ko ya halatta a yi dariya a gaban tabarmar makoki. Har yau ban gama da wannan tunanin ba.

Da la'asar wata tsohuwa ta iso daga Wusasa tana dogara sanda. Kirista ce, tsohuwar nas, aminiyar Inna tun ina saurayi. Kafin ta shiga wurin mata ta tsaya a zaure ta kama hannun rigata, ta ce, "Ɗana, na rasa abokiyar aiki." Sannan ta wuce ciki.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, ni da ban wuce firamare ba. Ƙananan jikoki za su tashi su ji cewa kakarsu mai man gyaɗa ce, shi ke nan. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan nauyi. Na taɓa yi wa babban ɗana mummunan zato, na faɗe shi da bakina, ban nemi gafararsa ba shekara goma sha biyu. A sanina, Inna ce kaɗai ta san da maganar. Ranar da aka ɗauke ta, ban da baƙin cikin rashin uwa, abin da ya tsaya mini a ƙirji shi ne: yanzu ta bakin wa zan yi masa magana?

Ni mutum ne mai fargaba, tun ina yaro. Inna ta san ni sarai. In na shigo ɗakinta da sauri, kafin in buɗe baki za ta ɗago kai daga kwanon tunkuza ta ce, "An mutu ne?"

In ce, "A'a."

Ta ce, "To zauna ka sha ruwa."

Sai na sha ruwan nan take yarda ta saurare ni. Sau da yawa kafin in kai ƙarshen moɗa, abin da na zo da shi ya ragu da rabi. Na taɓa zuwa mata a guje don ina shakkar ko na yi wa rigar wani alhaji ɗinkin aska takwas ko tara. Ta ce in je in ƙirga. Na ce ai an riga an kai rigar. Ta ce, "To shi ya ƙirga."

Ni ba ɗan farinta ba ne, saboda haka ba ta taɓa jin nauyin wanke ni tas ba. Amma ni, kamar yadda na tarar ana yi a gidanmu, ina kunyar ɗan farina. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ban ɗauke shi a gaban mutane ba, ba mu ci a kwano ɗaya ba. Mahaifiyarsa ta fi ni ma, ko kallonsa ba ta yi sosai. Da aka yaye shi ɗakin Inna aka kai shi, can ya girma. In ina son ya yi aski, Inna nake gaya wa. In ya ci jarrabawa, Inna ce za ta gaya mini, in ce madalla ina kallon bango. Ban taɓa ganin aibun haka ba, don haka na ga iyayena sun yi da yayata.

Ita kuwa tsakaninta da shi sai wasa, irin na kaka da jika. Maigida take ce masa. "Maigida, yau ma haka za ka shigo mini hannu na dukan cinya? Mijin maƙwabta har tsire yake kawowa." Shi kuma ya ce, "Ke tsohuwa, haƙoran da za ki ci tsiren suna ina?" Ta jefe shi da maficin hannunta. Babu abin da ba sa faɗa wa juna.

A tsakiyar shekarun tamanin ƙwallo ta kama yaran birni kamar zazzaɓi. Yaron nan yana da shekara goma sha bakwai, yana buga gefen dama a wata ƙungiyar unguwa da ke wasa a wani fili bayan ganuwa, in ka fita ta Ƙofar Doka. Ana cewa yana da gudu. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma sau biyu na bi ta wajen kamar mai zuwa wani wuri, na tsaya bayan wata bishiyar dalbejiya na leƙa. Na gan shi ya tsere wa mutum biyu ya aika ƙwallo tsakiya. Zuciyata ta yi fari. Na yi sauri na bar wurin kada wani ya gan ni.

Da damina ta yi nisa sai tafiyarsa ta canza. Yana ɗan buɗa ƙafa, yana taka ta dama a hankali. In an tashi daga sujada a masallaci shi ne na ƙarshen miƙewa. Na gani, amma ba ni da hanyar tambaya. Ana nan sai wani da muke zaman ɗinki tare, ba zan faɗi ko wane ne ba don ya riga mu gidan gaskiya, ya ce mini, "Malam, irin tafiyar nan da yaronka yake yi, ka bincika. 'Yan ƙwallon nan ba fili kaɗai suke zuwa ba. Ciwon sanyi haka yake fara wa mutum."

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Na soke yatsana da allura ya fi sau nawa, har jini ya ɓata wuyan wata farar riga. A rana ta huɗu da hantsi, lokacin da na san yara suna makaranta, na shiga wurin Inna. Tana tsakar ɗaki tana murza ƙuli-ƙuli, labulen gadonta a sake.

"An mutu ne?"

Ranar ban zauna ba, ban sha ruwa ba. A tsaye na faɗa mata abin da aka ce, na ƙara da nawa. Na ce yaron nan ya lalace. Na ce ya jawo mana abin kunya, kuma sakacinta ne, don ita ta sangarta shi. Na ce in ta tabbata haka ne ba zai ƙara kwana a gidana ba.

Inna ta goge hannunta a zane a hankali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kwana tara ke nan yana kama gwiwarsa ta dama da hannu in zai ƙetare dokin ƙofar nan. Ka gani?"

Na ce ban gani ba.

"In ya yi atishawa sai ya dafe mara. Ka gani? Ya daina hawa keke ta baya, sai ya kwantar da shi ya ƙetara. Ka gani? Ba ka ga ko ɗaya ba. Amma wani ya raɗa maka magana a zaure, ka ɗauko ta da gudu ka kawo mini ɗaki. Fita."

Daga baya ta ba ni labarin yadda ta ji bakinsa, kwana ɗaya kafin zuwana. Ta ce masa, "Maigida, wannan tafiya taka ta agwagwa ba ta yi mini ba. In ka tsufa ne ka faɗa mini in nemi wani tun da sauran kyauna." Ya yi dariya, dariyar ta ja masa ciwon, ya cije leɓe. Ta ce, "Nuna mini da yatsa, ta kan wando. Ni na yi maka wanka kana jariri, babu abin da za ka ɓoye mini." Sai ya nuna matsematsinsa, can inda cinya ta haɗu da mara ta ciki. Ya ce santsi ne ya kwashe shi a fili ya miƙa ƙafa fiye da kima, ya ji kamar an tsinke zare. In yana tafiya a miƙe da sauƙi, amma in zai juya ko zai buga ƙwallo sai ya ji kamar an soka masa wuƙa. Ya ce yana tsoron gwaiwa ce, a yanka shi, abokai su sa masa suna. Kocinsu ma cinya kawai ya iya ce masa. Kocin kuma ya shafa masa man zafi a inda ba nan ne ciwon ba, ya ce ya yi ta gudu zai sake.

Kwana uku Inna tana mayar da tuwon da aka kai mata daga sashenmu, ko buɗe shi ba ta yi. A na huɗu na je na durƙusa a bakin ƙofarta.

Ta ce, "Ba ni ka yi wa laifi ba."

Na ce, "To Inna, shi me zan ce masa? Ta yaya?"

Ta dube ni. Ta ce, "In ba za ka iya ba, ka ɗauki abinka ka riƙe. Wannan saƙon dai ba ni zan kai ba."

Shi ne kaɗai saƙon da ta taɓa ƙin kai mini. Na so in tambaye ta ko yaron ya san abin da na faɗa. Na kasa, don ina tsoron amsar.

Ita ta sa mayafi ta kai shi Wusasa wurin aminiyarta, ita kuma ta raka su wurin wani likita namiji. Likita ya duba ya ce ba gwaiwa ba ce, ba kuma wata cutar da ake ɗauka ba ce. Tsokar cikin cinya ce, wadda take manne da ƙashin mara, ta ɗan yage. Ya ce yana yawan ganin haka ga samari masu ƙwallo da jikinsu bai gama girma ba, suna wasa kullum babu hutu. Inna ta ce a yi masa allura. Likita ya ce babu allurar da za ta ɗinke shi, sai hutu, sannan a koma motsa jiki kaɗan-kaɗan. Ta ce ta fito tana jin kamar an cuce su, an sha mota har Wusasa an dawo babu ko allura.

Ni kuma da na ji, don in nuna na damu, na aika a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Inna ta tare shi a zaure ta ba shi goro ta sallame shi. Ta leƙo ta ce mini, "An ce maka nama ne ya yage, kai kuma za ka ƙara masa tsaga?"

Ba zan ce ba ta yi kuskure ba, don ita ma ba ta ɓoye ba. Bayan kwana goma yaron ya ce ya warke sarai. Akwai wasa da yaran Gyallesu, ya roƙe ta. Ta tambaye shi ko da sauran ciwo, ya rantse babu. Ta bar shi ya tafi. Kafin magariba aka dawo da shi a bayan keken abokinsa, ba ya iya taka ƙafar ko kaɗan. Ciwon ya fi na farko. Washegari na same ta zaune ba ta kunna wuta ba. Ta ce, "Laifina ne. Na tambaye shi da baki ya amsa mini da baki. Daga yau idona zan tambaya."

Akwai wata tsohuwar randa da ta tsage, tana ƙarƙashin gadonta. Ta ɗauki takalman ƙwallonsa, na gwanjo ne amma ya fi son su da komai, ta jefa ciki ta rufe da faifai. Sannan ta sa mayafi ta tafi filin da kanta. Waɗanda suke wurin sun ba ni labari a zaman makoki. Wai ta shiga har tsakiyar fili ana cikin wasa, dole aka hura usur.

Ta ce, "Wane ne babbanku?"

Koci ya zo ya rusuna. "Sannu Inna. Lafiya?"

"Kai ne mai man zafi?"

"Ni ne, Inna."

"In yaro ya ce maka cinya, ka ja shi gefe ka tambaye shi wace cinyar. Ba a gaban 'yan'uwansa ba. Kai ba ka taɓa zama yaro ba ne? Mijina yana hannuna, ba za ka gan shi ba sai na sallame shi. In kuwa ka aiko a kira shi ta bayan gida, kai ma naka takalman zan zo in ɗauka."

Wai kocin ya ce, "Allah Ya huci zuciyarki, Inna," yara suna ta ƙunshe dariya.

Aminiyarta nas ta riƙa zuwa duk mako tana nuna musu abin da za a yi. Da zafin ciwon ya lafa, sai ya kwanta a tabarma ya sa matashin kai tsakanin gwiwoyinsa ya matse a hankali, ya saki, ya sake matsewa. Inna ba ta iya karatun boko ba, sai ta riƙa ƙirga masa da carbinta. Ni kuwa da na gani sai hankalina ya tashi. Abin da ake ambaton Allah da shi, a ƙirga motsin cinya da shi? Na kwana biyu ina juya abin, sannan na je na tambayi wani malami. Ya yi murmushi ya ce bai ga laifi ba, amma in zuciyata ba ta natsu ba a canza. Na zo na gaya wa Inna rabin farko a hankali, rabin ƙarshe da ƙarfi. Ta ce, "Kai dai Allah Ya yaye maka." Ta ajiye carbi ta ɗauko soyayyar gyaɗa. Duk matsa ɗaya ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga wannan tasa ta sa a waccan. In an gama ya cinye abin da ya tara. Ta ce ai gara haka, miji ya ci daga guminsa.

Tafiya kuma da aike ta auna masa ita. Makon farko iyakarsa zaure, ya miƙa wa masu saye kwalbar mai. Sai ta ƙara masa zuwa bakin masallaci. Sai bakin Ƙofar Jatau. Bayan nan Ƙofar Doka, a ƙasa, ba keke. In ya dawo ba ta tambayarsa komai, sai ta zuba wa dokin ƙofa ido ta ga yadda zai ƙetare. In ta ga ya ɗan tsaya, gobe aiken ya koma na jiya. Tana da wata dabara da ta sa duk gidan muka sha wahala. Sai ta bari yana zaune kusa da murhu ta watsa barkono a garwashi. Kowa ya kama atishawa, ita kuwa hawaye na zuba amma idonta na kan fuskarsa, ta ga ko zai yamutsa ta.

"Tsohuwar nan kashe mu za ki yi!"

"Yi ta yi, maigida. Ɗaya ta rage."

Sai da ya kai mai har Gyallesu ya dawo yana waƙa, aka yarda ya fara sassarfa a miƙe, da takalmin makaranta. Daga nan gudu. Daga nan juyawa hagu da dama. Buga ƙwallo shi ne na ƙarshe, shi ma da bango ya fara, a hankali.

Ana cikin haka aka zo zaɓen yaran da za su buga wa jiha. Abin da ya shekara yana jira ke nan. Ya roƙi Inna har da kuka. Ina jin su daga tsakar gida.

"Inna, rana ɗaya ce tak. In ta wuce shi ke nan."

"Na sani."

"Wallahi ba na jin komai."

"Haka ka ce wancan karon. Jiya da ka juya ɗaukar buta na ga bakinka."

"Ke ba ki san ƙwallo ba!"

"Ban san ta ba. Ƙafar nan na sani, tun tana kamar yatsana. Ita za ta kai ka masallaci in ka kai shekaruna. Ka yi fushi da ni, ina iya ɗauka."

Ya yi fushin kuwa. Mako guda bai ce mata tsohuwa ba, sai Inna, a daƙile. Wannan ya dame ta fiye da yadda ta nuna. Na ga tana ajiye masa ƙuli-ƙuli mai zafi a tasa, ya wuce bai taɓa ba. Har yau ban sani ba ko da ta bar shi ya je da an ɗauke shi. Na sha juya wannan a raina. Ita ba ta taɓa juya shi ba, ko kuma ba ta bari na gani ba.

Wajen wata uku da faɗuwarsa ta biyu, ta buɗe randa. Ta goge takalman da man gyaɗa har suna ƙyalli, ta ajiye masa a bakin ƙofa. Ya ƙara shekara shida yana wasa, ciwon bai dawo ba, ni ma ban daina raɓewa bayan dalbejiya ba. Bai zama shahararre ba. Yanzu malamin wasanni ne a wata firamare, yana da 'ya'ya uku, yana tafiya garau.

Bayan wannan ne sauran suka fara zuwa. Yaro ya ji ciwo a wurin da ba zai iya faɗa wa ubansa ba, sai abokai su ce masa ya je wurin Inna mai mai. Ya zo kamar mai sayen ƙuli-ƙuli, ya yi ta tsaye. Ta dube shi ta ce, "Kai ma aurena ka zo nema? Shigo in ga tafiyarka." Ba ta taɓa ba kowa magani ba, ba ta taɓa jikin kowa ba. Asibiti take fara tura su, ko ta haɗa su da aminiyarta, don ta ce ba duk ciwon wurin nan ne iri ɗaya ba. Wani da aka duba ma gwaiwar ce da gaske, aka yi masa aiki ya warke. Abin da take yi kawai shi ne ta ji bakin yaro, ta je ta gaya wa iyayensa yadda ba za su firgita ba, sannan ta karɓe takalma. Akwai lokacin da randar nan ta ɗauki ƙafa uku.

Ni kuwa ina nan da abina a ciki. Duk sallar idi sai in ce bana zan faɗa masa. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon gefe, ya tashi ya tafi. In ce baɗi.

Ranar sadakar bakwai, bayan azahar, mutane sun ragu. Mata suna kwashe kayan ɗakinta sai suka jawo randar. Ƙanwata ta kawo mini zaure ta ajiye ta koma. Na ɗaga faifai. Takalma ne ƙafa ɗaya, ƙanana, da ɗan ƙullin gyaɗa a cikin na dama. Ashe har cikin ciwon ajalinta tana da wani a hannu.

Ba kowa a zauren sai ni da babban ɗana, yana naɗe tabarmi. Na waiwaya ta ƙofar cikin gida, wallahi don in kira Inna ta tambaye shi na wane ne. Sai na tuna.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Waɗannan... ka san mai su?"

Ya juyo da mamaki, don ban saba yi masa tambaya kai tsaye ba. Ya duba ya ce, "Na ɗan mai gyaran rediyo ne. Saura mako uku a lissafinta. Ta gaya mini tun tana iya magana. Ta ce kada in saurari bakinsa."

Na ce to. Ya ci gaba da naɗe tabarma. Na ga in ya fita daga zauren nan, shi ke nan, zan mutu da abin. Sai na ce, "Akwai wata magana. Lokacin da ka yi ciwon nan, na je wurin Inna na faɗi abin da..."

Ya ce, "Na ji, Baba."

Na tsaya.

"Ina kan gadonta ranar, bayan labule. Ban je makaranta ba, ƙafar ta hana ni."

Shekara goma sha biyu yana durƙusawa yana gaishe ni, da wannan a kunnensa.

Ya ce, "Da ka fita na ce mata zan bar gidan. Ta ce in bari sai ƙafa ta warke, don ba a yin zuciya da ɗingishi. Sannan ta ce, ubanka ba mugu ba ne, tsoro ne yake riga shi magana. Ta ce in ina son in san gaskiyarka, in na koma fili in riƙa duban bayan dalbejiya." Ya yi ɗan murmushi. "Na duba kuwa. Hularka tana fitowa ta gefe."

Na ce, "Ka yafe mini." Muryata ba ta fita sosai ba, na sake faɗa.

Ya ce, "Na yafe tun kafin Inna ta buɗe mini randa, Baba." Ya ga har yanzu ina tsaye. Ya ɗauko moɗa ya ɗebo ruwa. Ya ce, "Da tana nan da ta tambaye ka ko an mutu."

Na ce, "Ai an mutu."

Ya share idonsa da bayan hannu, ya miƙo mini moɗar.

"To duk da haka zauna ka sha."

Na zauna na sha. Shi ma ya zauna, a tabarma ɗaya da ni.

Wurinsa na nemi izini kafin in rubuta wannan, da bakina, ya ce in rubuta duka kada in rage. Har yanzu ban kira sunansa ba, harshena ya riga ya saba. Randar tana zaurena, shi yake zuwa duba ta. Yaron mai takalma ya zo jiya ya ce ya warke sarai. Na ce masa ni ba ruwana, amma ya shiga ya fita in gani. Na zuba wa dokin ƙofa ido. Ya ɗan tsaya. Na ce ya dawo mako mai zuwa.

Allah Ka jiƙan Inna, Ka yalwata mata makwanci, Ka rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa 'ya'yan mutane. In na ƙara wani abu a labarinta ko na rage, Ka yafe mini, ban yi da gangan ba. Wanda duk ya karanta, ina roƙon ya sa ta a addu'a.